Ɗari biyar ko tera ɗaya? Cinikin had-dis a Kolere

Had-dis shi ne abu na ƙarshe da ake tambayar kuɗinsa idan matashi ya zo haɗa kwamfutar gem a unguwar Kolere da ke Mubi. Kafin a kai gare shi an gama ja-in-ja a kan firosesa, i5 ce ko i7, kuma ƙarni na nawa. An gama a kan katin girafik, wanda shi kaɗai yake lashe kusan rabin kuɗin. An ƙara ram daga gig 4 zuwa 8, an ware na hannun gem guda biyu, tunda ba wanda ke buga ƙwallo shi kaɗai. Sai aljihu ya yi shafal sannan mai shago zai ɗago kai.

"To had-dis fa? Ɗari biyar ne a ciki. A bar shi, ko a sa maka tera ɗaya?"

"Bar shi kawai, Injiniya. Idan na samu kuɗi na ƙara."

Ba a rufa wata uku sai ka ga kwamfutar ta dawo shago a bayan Keke Napep, an naɗe ta da zani saboda ƙura. Ba abin da ya lalace. Layin nan ne da Windows ke nunawa a ƙarƙashin had-dis ya tashi daga shuɗi ya koma ja, alamar abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba, ga kuma wani aboki ya zo da sabon gem babu inda za a sa shi.

Kwamfutar da nake magana a kai ba irin ta masu nuna kaya a YouTube ba ce, mai gilashi a gefe da fitilu masu canja launi. Tsohuwar kwamfutar ofis ce, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, wadda wani kamfani a Turai ko Amurka ya gama cin moriyarta. Ta sauka a Legas, ta bi ta Computer Village da ke Ikeja ko ta titin Beirut a Kano, ta iso Mubi cikin kwali a bayan mota. A nan ake cusa mata GTX 750 Ti ko GTX 1050 Ti, katunan da Nvidia ta fitar a 2014 da 2016, waɗanda ake ƙauna saboda galibinsu ba sa neman wata wayar wuta ta daban, abin da bod ke ba su ya ishe su. Masu sayenta kuwa ɗaliban Poli ne da na Jami'ar Jihar Adamawa, da samarin Kolere da Sabon Layi da Lokuwa da suka tara kuɗin sana'a. Had-dis ɗin gig 500 da ke cikinta, wanda ya zaɓe shi tun farko lissafin takardu da wasiƙun ofis ya yi. Bai taɓa kawo GTA a ransa ba.

Kuma 500 ɗin ma ba 500 ba ne. Kamfanonin da ke ƙera had-dis da dubu-dubu suke ƙirge, Windows kuwa da 1,024 take ƙirge, saboda haka abin da aka rubuta 500 a jikinsa 465 zai nuna a allo. Tera 1 ya koma 931, 256 ya koma 238, 128 ya koma 119. Na sha ganin mai saye ya tsaya kai da fata cewa an cuce shi, mai shago yana rantsuwa, alhali dukansu biyu gaskiya suke gani a gabansu. Daga 465 ɗin nan Windows da direbobinta da sabunta kanta da take yi za su ɗebi gig 30 zuwa 40 ba sallama. Microsoft da kanta ta ce Windows 11 ba ta zama a wurin da bai kai gig 64 ba.

Wanda ya tashi a gidan gem na zamanin PS2 ya san lokacin da katin ajiya na mega 8 yake ɗauke da duk nasarorin unguwa. GTA San Andreas a kwamfuta bai kai gig 5 ba. FIFA 14 gig 8 ya nema. Da GTA V ya iso kwamfuta a Afrilun 2015 sai ya ce gig 65, mutane suka riƙe baki. A 2019 Red Dead Redemption 2 ya nemi 150, Call of Duty: Modern Warfare na shekarar ya nemi 175, kafin 2020 ta ƙare ya haura 200. Ƙwallo ma da muke ganin fili ɗaya ne da mutum 22, FIFA 23 gig 100 ya nema, haka magajinsa EA Sports FC 24. Yawancin wannan nauyin hotuna ne masu tsananin kyau da aka zana domin manyan allunan 4K, da muryoyin sharhi da na 'yan wasa cikin harsuna daban-daban. Yaron da ke wasa da ƙaramin allo ɗan kwatano yana dakon kayan da idonsa ba zai taɓa gani ba.

A nan ne nake ganin ya kamata a juya tambayar, a fara duba katin girafik kafin a yi maganar girman had-dis. Mafi ƙarancin katin da FIFA 23 ya yarda da shi GTX 1050 Ti ne. Wanda ke da 750 Ti, ko wanda ba shi da kati sam sai girafik ɗin da ke cikin firosesa, waɗannan manyan gem ɗin ko ya tara su ba za su yi masa tafiya mai daɗi ba. Duniyarsa PES 2017 ce, da PES 2013, da Need for Speed: Most Wanted, da San Andreas, sai GTA V idan an rage masa kyau. Irin wannan mutum gig 500 zai riƙe shi, in dai gem kaɗai zai zuba. Sai dai ban taɓa ganin kwamfutar da gem kaɗai aka zuba mata ba. Zan zo kan wannan.

PES 2017 ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Tun da Konami ta sauya wa wasan suna zuwa eFootball a 2021, ta mai da shi mai dogaro da intanet, masu ƙananan kwamfutoci suka ƙi motsawa. Suna nan a kan 2017 da 2021, sai dai duk kakar wasa a nemo faci: sababbin riguna, sababbin fuskoki, filaye, da sauyin 'yan wasa, domin ba wanda zai yarda ya ga Osimhen a wani kulob ba Galatasaray ba. Facin nan shi ke kumbura har ya ninka asalin gem ɗin, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Mai hankali kuma ba ya goge tsohon faci sai ya tabbatar sabon bai ɓata masa wasan ba, to ka ga an zama biyu.

Wannan zama biyun shi ne abin da lissafin takarda ba ya nunawa. Gem a nan wuri biyu yake ci. Akwai setof ɗin da aka turo maka, akwai kuma gem ɗin bayan an sanya shi. Bature da ya gama sanyawa ba ya ajiye komai, gobe idan yana so ya danna ya sake saukewa. Ɗan Kolere kuwa setof ɗin ya fi masa gem ɗin daraja, domin ranar da Windows ta rikice aka wanke kwamfutar, da shi zai farfaɗo, kuma da shi yake musaya da abokai. Gem ɗin gig 100 sai ya tashi a 150 ko fiye. Ɗauki 465, cire Windows, zuba irin waɗannan guda biyu da setof ɗinsu, ka ga inda layin ya kai.

Shawarar da samari ke ji daga masu bayani na ƙasashen waje ita ce a sayi SSD ƙarami mai sauri, a riƙa goge gem ɗin da aka gama, in an yi marmarinsa a sake saukewa. Shawara ce mai kyau ga mutumin da intanet ɗinsa ba ta da iyaka kuma wutarsa ba ta ƙyaftawa. Mu yi lissafin a nan. Gig 100 a kan layin da ke ba da megabit 10 a daƙiƙa, ba tare da ya yanke ko sau ɗaya ba, awa 22 ne da 'yan mintuna. Idan megabit 5 ne, awa 44. Wa ke da wutar awa 44 a jere? Wa ke da wayar da za ta zauna tana raba data kwana biyu ba a kira ta ba? Wannan lokaci ke nan, ba a zo ga kuɗi ba, kuma tun Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100, kowa ya san yadda data ta koma. Masu dabara suna jiran datar dare, su kwana ido biyu suna gadin layi, su haɗa gem ɗaya gutsure-gutsure cikin mako.

Gig 100 ɗin nan dai, idan daga had-dis zuwa had-dis ne, ta ramin USB mai shuɗin harshe, minti 20 zuwa 30 ya isa. Ta baƙin rami, wato tsohon USB 2.0, a ba shi awa guda ko fiye. Shi ya sa za ka ga yaro ya durƙusa a bayan kwamfuta da fitilar waya yana leƙen ramuka, yana neman shuɗin. Gem a Mubi da ƙafa yake yawo, a aljihun wando, cikin ɗan akwatin had-dis da aka ɗaure da robar kuɗi. Mutum ɗaya ya sauke, ko ya taho da shi daga Yola ko Kano, unguwa ta ɗauka. Hanyar da masu turi suka daɗe suna bi da waƙoƙi da fina-finai ita ce dai gem ya bi. Saboda haka had-dis a wurinmu rumbu ne: abin da ka zuba da kaka shi za ka ci da bazara, kuma ba a zubar da hatsi don ana sa ran kasuwa za ta ci gobe.

Ba sai an ɓoye ba, mafi yawan abin da ke yawo a haka ba saye aka yi ba, kuma yana zuwa da nasa sharrin. Setof ɗin da sai an kashe antibairos kafin ya shiga, mai shi bai san me ya shigo tare da shi ba. Amma ko wanda ya sayi nasa halak malak a Steam matsalar ɗaya ce. Steam ɗin ma tana da hanyar adana kwafin gem a wani had-dis, kuma tun 2023 tana barin kwamfutoci biyu da ke kan layi ɗaya a gida su tura wa juna gem ba tare da an sake cin data mai yawa ba. Duk dabarun nan wuri suke nema.

Yanzu ga sauran kayan da na ce zan zo kansu. Ranar da kwamfuta ta shiga gida ta tashi daga ta mutum ɗaya. Ƙanwa za ta kawo waya ta ce, "Yaya, wayata ta cika, ajiye min hotunan bikin nan." Umma tana son a adana mata karatun tafsirin azumi. Wani ya zuba Labarina daga farko, wani Izzar So, wani fina-finan Indiya masu fassarar Hausa da ba ya ƙarewa a ƙasa da awa biyu da rabi. Shi kansa mai kwamfutar yana da furojet ɗin makaranta, in kuma ɗan injiniyanci ne ga AutoCAD, in mai haɗa hotuna ne ga CorelDRAW da Photoshop da ayyukan mutane. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za ka iya gogewa ba tare da an yi zaman sulhu ba. Wanda ya lissafa gem kaɗai ya lissafa rabin gidan ne.

To SSD fa? Bambancinsa da had-dis na gaske ne, ba kurin 'yan kasuwa ba ne. Had-dis faifai ne ke juyawa a ciki, sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu mai kai da komo yana karantawa. Idan ya yi ƙoƙari ya ba da mega 100 zuwa 200 a daƙiƙa, in kuma ƙananan fayiloli ne barjat a warwatse sai ya koma rarrafe. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. Na SATA yana kai wa mega 550, na NVMe kuwa 3,500 ko fiye. Kwamfutar da ke shafe minti biyu kafin ta farka sai ta tashi cikin daƙiƙa 20. A garin da ba ka san minti nawa wutar za ta yi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a sani, SSD ba ya ƙara wa gem gudu a fili. Idan 'yan wasa suna tafiya suna tsayawa saboda kati ya gaza, ko SSD na nawa ka sa haka za su yi. Jiran lodin yake ragewa. Sai dai wasu sababbin gem, irin Starfield da Cyberpunk 2077 bayan sabuntawar Satumban 2023, sun fito fili sun ce SSD suke so. Mai kwamfutar ofis ta 2013 bai kamata wannan ya hana shi barci ba, katinsa ba zai kai shi can ba.

Wanda nake tausaya wa shi ne mai sayen SSD na gig 128 don ya ji an ce SSD. Ya nuna 119, Windows ta ɗebi nata, saura wajen 80. FC 24 ba zai shiga ba ko an yi masa addu'a. Ga shi SSD ba ya son a cika shi maƙil, yana buƙatar sarari domin jujjuya abin da yake rubutawa, in ya cika sai saurin da aka saye shi dominsa ya ragu. Na 256 shi ne farkon hankali: Windows, manhajoji, da gem ɗaya da ake bugawa kullum.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, abin da na fi gamsuwa da shi guda biyu ne tare, SSD na 256 a gaba, had-dis na tera 1 a baya. Idan kuɗin bai kai ba a yau, a sa SSD ɗin a bar ɗari biyar ɗin da ya zo da kwamfutar ya zama ma'aji, kada a yarda mai shago ya karɓe shi a musaya don ragin da bai taka kara ya karya ba. Wanda kuma aka ce lallai ɗaya zai ɗauka, tsakanin SSD na 256 da had-dis na tera 1, ni a Kolere tera ɗin zan ce masa, ya yi haƙuri da jira. Na san masu gyara da yawa ba za su yarda da ni ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi: Windows 10 a kan had-dis tana da ban haushi. Amma jiran minti biyu haushi ne kawai, goge gem ɗin da ba ka da hanyar dawo da shi kuwa asara ce.

Mai gidan gem lissafinsa daban. Yawancinsu ma PS4 suke ajiyewa, wadda ta fito a 2013 da gig 500, abin da ke samuwa a ciki 400 da 'yan kai. Wanda ya zaɓi kwamfuta a cikinsu ba ya buƙatar gem 30. Ƙwallo ce, sai Mortal Kombat, sai GTA domin yara. Kuɗinsa a kan kowane wasa yake, janareta na shan mai ko ana buga ƙwallo ko ana kallon lodin. Shi SSD na 512 ya fi masa tera 2 na had-dis amfani, setof ɗinsa kuma ya ajiye a gida.

Girma dai an gama, saura lafiya, kuma a nan ne ake yin kuka. Kusan duk had-dis ɗin da ke cikin irin waɗannan kwamfutoci na hannu ne. Mai shago zai buɗe maka Hard Disk Sentinel ya nuna maka 100%, ya ce, "Ka gani da idonka, ɗan'uwa, garau yake." Kada ka tsaya a nan. A ƙasa kaɗan akwai inda aka rubuta tsawon lokacin da ya yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce. Had-dis ɗin da ya yi awa 30,000 ya yi shekara uku da kusan rabi yana juyawa ba hutu, kuma irinsu suna da yawa, musamman waɗanda aka ciro daga na'urar kyamarar tsaro ko daga manyan kwamfutocin kamfanoni. Wannan bai sa ya zama matacce ba, amma ya kamata farashi ya nuna shekarunsa. CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan an fara samun gurɓatattun wurare da had-dis ɗin ya kewaye. Rawaya ko a rabin kuɗi kada ka ɗauka. Sannan ka kara kunnenka. Lafiyayye shuuu yake yi a hankali, da ɗan ƙaras-ƙaras idan yana aiki. Wanda ke yin ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere kamar yana neman abin da ya ɓace masa, ya kama hanya.

Akwai kuma masu goge wannan tarihin gaba ɗaya, tsohon had-dis ya fito da awa sifili da sabuwar takarda a goshi. Idan ka ga jikinsa duk ƙarce, wurin kusoshi ya sha juyi, amma lissafi na cewa jiya aka haife shi, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. SSD ma bai tsira ba. Akwai na bogi da ke nuna tera 1 ko 2 alhali ɗan ƙaramin memori ne a ciki da aka koya wa ƙarya. Zai yi ta karɓar kaya, yana rubuta sabo a kan tsoho, sai ranar da ka buɗe folda ka tarar da sunaye ba komai a ciki. Maganinsa H2testw, 'yar ƙaramar manhaja daga mujallar c't ta Jamus, wadda ke cika ma'ajin tap sannan ta karanta ta ga ko abin da ta zuba yana nan. Tana cin lokaci. Amma garantin kayan hannu na 'yan kwanaki ne, kuma idan daga Kano ko Legas aka yi maka wabil, kwanakin sun fara ƙarewa tun kayan na tasha. A ranar da ya iso ake gwada shi, ba ranar da aka samu sukuni ba.

Wani abin da na lura da shi wajen turi: kwafi ya fara da gudu, koren tudun nan na Windows ya hau sama, bayan 'yan mintuna sai ya zube ƙasa ya koma tafiyar mega 10 ko 20. Sau da yawa ba lalacewa ba ce. Wani nau'in had-dis ne da ake kira SMR, wanda layukan rubutunsa ke hawa kan juna don a samu wuri, saboda haka dogon rubutu yana wahalar da shi. Ya yi yawa a cikin ƙananan had-dis na laftof masu tera 1 da 2. A 2020 sai da aka yi ta surutu kafin Western Digital da Seagate da Toshiba, su ukun da suka rage a wannan sana'a a duniya, suka bayyana waɗanne samfuransu ne haka. Domin ajiye setof da fina-finai ba laifi. Domin ɗora Windows kuwa, a nemi babba na tebur mai juyi 7,200.

Garinmu ma yana da nasa hukuncin a kan abin da ke juyawa. Zafin Maris da Afrilu a ɗakin kwano, ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da wutar da ke zuwa ta tafi ba sallama. Masu ƙera had-dis na tebur galibi digiri 60 suke sa wa a matsayin iyaka, kuma ƙaramar kwamfutar ofis da aka cusa wa katin girafik ba ta da iskar kirki a ciki. Ɗaukewar wuta ba kasafai take fasa faifan ba, na zamani suna janye hannunsu da kansu. Abin da take yi shi ne ta katse rubutu a tsakiya, fayil ya lalace, gem ya ƙi buɗewa, wata rana Windows ɗin kanta ta ƙi tashi. SSD ma yana iya shan wannan. Inda ya fi had-dis shi ne jijjiga: kwamfutar da ake ɗauka daga hostel zuwa gida duk hutu, ko wadda ƙafa ke bugu a ƙarƙashin tebur idan an ci ƙwallo. Da za a tambaye ni tsakanin ƙarin tera na biyu da ƙaramin UPS, UPS zan ce, ko da wanda zai ba da minti biyar ne a kashe kwamfuta cikin mutunci.

Babban had-dis yana da wani haɗari da ba a faɗa: yana sa mutum ya tara komai a wuri ɗaya. Gem idan ya tafi, yana wurin aboki. Hotunan suna da na biki, da takardun makaranta da aka ɗauka a sikana, da furojet ɗin shekarar ƙarshe, ba su wurin kowa. Mutanen Mubi da rikici ya sa suka bar gari a ƙarshen Oktoban 2014 da abin da hannu zai iya ɗauka ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Waɗannan kayan duka-duka ba su fi su shiga filas na gig 32 ba, ko gig 15 da Google ke bayarwa kyauta. A raba su da gem.

Farashi ban sa shi a nan ba da gangan, domin na yau ba shi ne na jibi ba. Tun da aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa a Yunin 2023, mai shago sai ya leƙa wayarsa kafin ya faɗi kuɗin abu. Kayan kuma na duniya ne: ambaliyar Tailan ta 2011 ta rufe masana'antu ta ninka kuɗin had-dis a ko'ina, har da inda ba a taɓa jin sunan Bankok ba. Abin da bai cika sauyawa ba shi ne tsarin. Sau da yawa tera 1 ba ya kai ninkin kuɗin 500, saboda haka a raba kuɗin da yawan gig a ga wanne ya fi araha a zahiri. Tera 2 kuwa sai mai turi, ko wanda unguwa ta mayar ma'ajinta.

Kafin a aika kuɗi Kano, a kwance murfin kwamfutar a leƙa. Da yawa daga cikin masu firosesa na ƙarni na 3 da na 4 ba su da ramin NVMe, kuma na ga wanda ya sayo siririn SSD ɗin nan mai kama da ram ya zo yana juya shi a hannu, babu inda zai soke shi. Ƙananan akwatunan nan kuma wurin babban had-dis ɗaya gare su. SSD na SATA dai ba shi da nauyi ba ya motsi, masu gyara kan ɗaure shi a gefe da igiyar roba, ko su cire na'urar DVD da ba wanda ke amfani da ita su ba shi wurinta da wayoyinta. A ƙirga ramukan SATA da ke kan bod, a duba ko akwai ragowar kan wayar wuta. Kuma a gaya wa mai aikowa ya haɗo da wayar SATA a cikin kwalin, domin SSD ba ya zuwa da ita, kuma ba kowane shago ne a Mubi za ka shiga ka same ta a ranar da kake nema ba.